Shekarar da Aka Yi wa Gangaren Mata Katanga

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke faɗa a bayan idona game da ɗan'uwanku Nasiru. Kuna cewa shi ya kashe sana'ar gidanmu, shi ya karya min zuciya, shi ya sa na tsufa kafin lokacina. Har yau akwai wadda in ta zo gida daga Sabon Gari sai ta gaida kowa ta tsallake ƙofarsa. Ta san kanta, ba sai na kama suna ba. Mutanen gari kuma nasu zancen daban, wai ni Asabe uwar magina na ga farar mota da masu manyan riguna, jikina yana rawa na miƙa musu Gangaren Mata. To ku zauna ku ji daga bakin mai ita. Hannuna ya fi sabawa da yumɓu a kan biro, ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci nake lallaɓawa da shi, don haka ku yi haƙuri da rubutun, ku kama maganar.

Ƙananan cikinku ba su san Gangaren Mata ba sai bango da kwaɗo, bari in gaya musu yadda yake a da. In mutum ya bar ƙauyenmu ya nufi kogi, akwai wata tsohuwar ɗorawa a bakin hanya, daga gindinta ƙasa take gangarawa har bakin ruwa. A nan ramin yumɓu yake, a nan muke ginin tukwane, a nan matoya take, wato inda muke jera tukwane mu lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu mu cinna wuta. Filin na hukuma ne kamar burtali, kowa yana da haƙƙi a cikinsa. Amma tun kaka da kakanni akwai al'ada guda: daga an gama girbi har ruwan farko ya sauka, namijin da ya balaga ba ya wuce ɗorawar nan. Ba shinge, ba mai gadi, ba wanda ya taɓa kafa doka. Masunci zai zagaya ta nesa da komarsa a kafaɗa. Bafillace in saniyarsa ta ɓalle ta gangara, sai ya tsaya a gindin ɗorawa ya yi ta kwaɗa sallama har wata ta koro masa ita. Shi ya sa mazan da ba sa barin matansu su leƙa ko zaure suke barinsu su wuni a Gangare hankali kwance. Mu kuwa da mun wuce ɗorawa sai mu rataye mayafai a reshe, mu tattare zane iya gwiwa, mu shiga aiki. Wadda ba a taɓa jin muryarta a gidan miji ba, a can za a ji ta tana waƙa har da shewa. Habaici, guɗa, kukan wadda aka ɓata wa rai, duk a can ake yin su, a can kuma ake barinsu.

Sana'ar nan ba ta bin 'ya, suruka take bi. 'Ya ta gidan wani ce, ranar da aka ɗauke ta ta tafi da abin da ta iya. Ni a hannun kakarku Iya na koya, uwar mahaifinku, mace mai faɗa kamar me, wadda in bakin tukunyarki ya karkace sai ta sa ƙafa ta rushe ta ce sake. Ita ma a hannun uwar mijinta ta koya. Da Iya ta rasu matan Gangare suka ce ni ce uwar magina, ni zan raba wurin haƙa, ni zan ce yau za a toya ko sai gobe. To ni kuma wa zan miƙa wa? Matar yayanku babba, Allah ya yi mata albarka, yarinya ce mai ladabi, amma in ta gina kasko ko kaza ba ta yarda ta sha ruwa a ciki. Na haƙura na bar ta da suyar awararta. Sai Allah ya kawo Sa'adatu gidan nan, matar Nasiru. Ranar da ta fara bina Gangare na ba ta curin yumɓu don ta rage zaman banza, na juya ina wani aikin, ko da na waiwayo ta fitar da bakin tulu sumul. Na tambaye ta ko ana gini a gidansu, ta ce a'a, hannuna kawai take kallo. Ban ce mata komai ba, don yabo yana lalata hannu, amma ranar na ci tuwo na nemi ƙari. Kafin ta yaye ɗanta na fari ta kai ga gina randa, babbar nan da mutum zai shiga ya zauna, wadda a duk Gangare ni kaɗai nake iya tayar da ita ba ta zube ba. Randunanta ba sa kai azahar a kasuwar Juma'a. Na san ko gobe na mutu, akwai uwar magina a gidana.

Ana nan sai masu tifa suka zo. Birni yana ta gine-gine, yashin koginmu kuwa aka ce babu kamarsa. Da farko can ƙasa da mu suke ɗiba, ƙarar motocin kawai muke ji, amma kowace shekara sai sun matso. Baƙi ne, ba su san ɗorawa ba, shebur suka sani. Suna yashe ƙarƙashi, gaɓa tana zabtarewa ta sama. Wata shekara ruwa ya ja da baya muka gangara, muka tarar gefen matoya ya tafi cikin kogi, har da dakalin ƙasar da Iya take zama. Na kai kuka wurin mai unguwa, ya kai gaba, na gaba ya kai gaba, magana ta shiga birni ba ta dawo ba. Ni da idona na auna na gani, in aka ci gaba a haka, nan da ɗan lokaci a cikin ramin yumɓunmu tifa za ta riƙa yin ribas.

A cikin wannan hali na haɗu da Malama Rifkatu. Kirista ce daga can duwatsun kudancin Gombe, tana koyarwa a jami'a. A kasuwa ta same ni tana neman randa, wai ruwan firij yana taɓa mata haƙori. Na ga ta ƙwanƙwasa randar Sa'adatu da yatsa ta kara kunne, na ce a raina wannan ta san tukunya. Ashe kakarta ma ginin tukwane ta yi har ta mutu. Ta roƙe ni in kai ta ta ga inda muke aiki, na ce ai ke mace ce, hanya a buɗe take. Ta zo ta cire takalmi ta faɗa cikin yumɓu da siket ɗinta, mata suna ta sheƙa mata dariya ita ma tana yi. Da na nuna mata inda gaɓa ta zabtare sai dariyar ta ɗauke.

"Mama, a garinmu ma haka aka fara," in ji ta. "Yau ko kasko ba a ginawa. Ba na so in ga na biyu."

"To Malama, ya muka iya? Mu da tifa ai sai ido."

"Akwai hanya. Hukuma tana neman wuraren tarihi da ke filayenta ta gyara su saboda masu yawon buɗe ido. In Gangare ya shiga ciki, ba tifar da za ta ƙara matsowa. Za a kewaye shi, a yi muku rumfa, a haƙa muku burtsatse. Baƙi su zo su gani, su sayi tukwane a hannunku."

Na kawo maganar gida bayan la'asar. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, yana zaune a tsakar gida yana tufkar igiyar shanu. Kun san shi, magana a wurinsa sai ka ce saya yake yi. Ya saurara har na gama bai ɗago ba.

"Baƙin nan da za su zo, mata ne zalla?"

"Malam, ai zan kafa musu sharaɗi."

"Wa za ki kafa wa? Wanda zai yi miki alkawari daban, wanda zai tsaya a ƙofa daban, wanda zai zo kallo daban. Kar garin neman gira a rasa ido."

Nasiru yana jingine da babur ɗinsa, sai ya tsoma baki.

"Haba Baba, duniya fa ta ci gaba. Ko'ina ana gyara wurare ana samun alheri, mu muna zaune tifa tana cinye mu. Inna, ki amsa kawai. Wata rana har Turawa sai sun zo sayen randar gidan nan."

Ku riƙe wannan da kyau, a duk gidan Nasiru ne ya fi kowa son abin. Na ɗaga murya na tambayi Sa'adatu da ke bakin murhu, ta ce duk abin da na gani shi ke nan. Mahaifinku ya koma kan igiyarsa, bai hana ni ba, bai kuma sa min albarka ba.

A zauren mai unguwa aka yi zaman. Akwai wani jami'i daga birni, dogo mai fara'a, da Malama Rifkatu, da ni a bakin ƙofa na ja mayafi. Bayan an gaisa an tambayi iyali da gajiya da ruwa, jami'in ya baje bayani, ni kuwa na ce abin da ya kawo ni.

"Ranka ya daɗe, sharaɗina guda ne. In muna aiki, namiji ba ya wuce ɗorawa."

"Hajiya, kar ki damu. Mu al'adar ce ma muka zo rayawa. Ba abin da zai canza."

Ban je Makka ba, amma ya ba ni Hajiya kyauta na karɓa. Na ce na yarda. Ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya ba ni ko ɓarin goro, masu cewa an saye ni su je su ji da Allah. Gaba kura ce baya siyaki, na zaɓi wanda ya zo da sallama. Ko yau aka mayar da ni zauren nan da ƙarar tifa a kunnena, abin da zan faɗa ke nan.

Da damina aka yi ginin, lokacin da dama ba ma zuwa, don haka shigar leburori ba ta ɓata wa kowa rai ba. Da kaka ta yi muka gangara muka ga ikon Allah. Katangar bulo ta zagaye filin tun daga ɗorawa har bakin ruwa, ga ƙofar ƙarfe an shafe ta da koren fenti, ga allo an zana tulu a jiki, tulun da in ni na gina shi da Iya ta rushe. Ga rumfar kwano, ga bencina na siminti, ga famfo. Tifa kuwa ɗif, an kore su can nesa. Wallahi na yi murna, har sadakar ƙosai na yi. Abu ɗaya ya tsaya min a rai, an ajiye mai gadi a ƙofa, namiji. Sa'armu ɗaya tsoho ne ɗan ƙauyenmu, Baba Ɗanjuma, wanda uwarsa ma a Gangare ta tsufa. Kunya ta hana shi sakat. Sai ya ɗauki kujerarsa ya kafa ta a waje yana fuskantar hanya, ya ba mu baya, in zai yi magana da mu da bango yake yi. Maza suka yi ɗan gunaguni, suka ga yadda yake zama, suka bar matansu suka ci gaba da zuwa. Ranar buɗewa ma lafiya aka tashi, don an sanar da ni tun da wuri, na ce duk matan aure su zauna a gida. Mu tsofaffi muka je muka yi wa manya gini, aka tafa mana, aka ci aka sha aka watse. Na dawo ina yi wa mahaifinku kallon ka gani ko.

Ba a daɗe ba, wata ranar Laraba da hantsi, abin ya faru. Muna shirin ginin randuna, aikin da ke cin yumɓu da yawa. Ga yadda ake yi, don ku fahimci abin da ya riƙe ta: a jiƙa yumɓu a cikin ɗan rami ya kwana, a zuba ƙaiƙayi, sannan mace mai ƙarfi ta shiga ta yi ta takawa har ya haɗe. In ya fara haɗewa kama ƙafa yake yi, sai an murɗa a hankali ake zare ta. Sa'adatu ce a ciki ranar, yumɓu ya kai mata ƙwauri, zane a tattare sama da gwiwa, kanta ba ɗankwali, tana ba da waƙa mata suna amsawa. Ba mu ji tsayuwar mota ba saboda shewa. Ashe doguwar bas ce cike da ɗalibai daga wata makaranta mai nisa, sun ji labarin wurin sun zo gani. Baba Ɗanjuma ya tare ƙofa yana roƙonsu, malaminsu ya nuna masa allo ya ce wurin hukuma ne, an buɗe shi don kowa, kuma gaskiya ya faɗa. Sai kawai muka ga samari da 'yan mata sun kwararo, kowa da waya a sama. Mata suka watse, wata ta shige bayan matoya, wata ta tsuguna a bayan randa, wata ta faɗa rami. Sa'adatu ta yunƙura za ta gudu, yumɓu ya riƙe ta. Ta ja ƙafar dama ta hagu ta ƙara nutsewa. Ta rasa abin da za ta rufe, kai ko gwiwa, ta tsaya a tsakiyar fili. Yaran nan ba mugunta suka zo yi ba, tafi ma suke yi, sun zaci wasan da aka shirya musu ke nan. Na ruga da gudun da ban san ina da shi ba, na fizgo mayafin wata daga reshe na lulluɓe ta, amma kafin in kai sun ɗauki abin da za su ɗauka.

Ban san hoto yana da ƙafa ba sai a lokacin. Kafin Juma'a ya zagaye Wudil, an ɗora masa kiɗa, an maimaita wurin da take jan ƙafa don a yi dariya. A teburin mai shayi wani abokin Nasiru ya miƙa masa waya yana ƙyaƙyatawa, bai ma san matar wa yake nunawa ba. Ɗana ya shigo gida da rana tsaka, idonsa ja wur, ya tsaya a ƙofar ɗakinsu. Sa'adatu tana ciki, tun ranar Laraba ba ta fito ba sai don alwala.

"In kika sake taka Gangaren nan, a bakin aurenki."

Na taso masa.

"Kai Nasiru, janye maganar nan! Laifin me ta yi? Ba kai ka ce in amsa ba?"

"Ni na ce, Inna. Ni ne kuma yau ba na iya ɗaga kai a majalisa. Har yaran tasha sun san ƙwaurin matata."

"To ni wa zan bar wa aikin?"

Ya ja babur ya fita. Na juya kan mahaifinku ko zai tsawata masa, ya ce magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, in na matsa aure ne zai mutu. Sauran maza kuwa da suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta, kowa ya shafa wa nasa ruwa. Mako bai zagayo ba, babu matar aure ko ɗaya da ke wuce ɗorawa.

Malama Rifkatu ta zo har gida tana kuka, ta durƙusa a gabana kamar 'yar cikina. Baiwar Allah ta yi iya yinta. Ta nemo malamin yaran ya sa suka goge hoton, amma me za a goge a abin da ya riga ya shiga wayar duniya? Ta yi ta sintiri birni tana roƙon a ware ranakun mata zalla, aka ce mata filin hukuma ne, ba a hana ɗan ƙasa shiga. Dogon jami'in da ya yi min alkawari an riga an mayar da shi wani wuri, wanda ya gaje shi bai san da zancen ba. Ko da ma an ware ranakun, ihu ne bayan hari. Abin da ya tsare Gangare tun zamanin kakanni kunya ce, kuma an riga an keta ta. Samarin ƙauyenmu da iyayensu ba su taɓa wuce ɗorawa ba, suka ga baƙi sun shiga ba abin da ya same su, sai su ma suka fara zuwa a kan babura, su zauna a bencin siminti suna jin waƙa a waya. Har angwaye aka riƙa kawowa ɗaukar hoto a jikin koriyar ƙofa.

Muka rage mu tsofaffi, ba mu cika hannu ɗaya ba. Wadda ba ta da ciwon gwiwa tana da na baya. Ba mai iya sauka rami ta haƙo, ba mai iya takawa, balle tayar da randa. Sai mu yagi ɗan yumɓun sama-sama mu zauna a ƙarƙashin rumfa muna murza asusu da kaskon turare. Baƙi su zo su ga tsofaffi suna gyangyaɗi, su ɗauki hoton allo su tafi. Da sannu suka daina zuwa. Baba Ɗanjuma ya gaji ya koma gonarsa, wani ya zo daga birni ya danna kwaɗo ya tafi da makulli, har yau ban san aljihun da yake ba. Ramin yumɓu kuwa in ba a yashe shi duk rani, damina cike shi take yi da rairayi. Na taɓa leƙawa ta kafar ƙofa, na ga ya shafe kamar ba a taɓa haƙa shi ba, iska ta yaye rabin kwanon rumfa, tumfafiya ta fito a tsakiyar matoya. An tsare mana filin kam, tifa ba ta ci shi ba. Yana nan daram, ba kowa a ciki.

A cikin shekarun nan mahaifinku ya rasu, bai taɓa ce min ai na gaya miki ba, wannan kuwa ya fi min ciwo da a ce ya faɗa. Ni kuma na ɗaure wa Nasiru fuska. In ya gaishe ni in amsa a taƙaice, in ya kawo min nama in ba jikoki. Kuka gani kuka ɗauka, kuka ma fi ni zafi. Iyakar abin da kuka sani ke nan. Abin da zan faɗa yanzu mu uku muka san shi, ni da Nasiru da Sa'adatu. Ita ta roƙe ni in rufe, shi kuma ya gwammace ku tsane shi da a sake ɗaukar sunan matarsa a baki. Kwanan nan na nemi izininta, ta ce in faɗa, ta gaji da ganin ana tsallake ƙofar mijinta.

Ranin da ya biyo bayan rasuwar mahaifinku, wata safiya na ji ƙarar amalanken shanu a ƙofar gida. Nasiru ne, jikinsa duk ƙasa, ya je har wata fadama a bayan Kausani ya haƙo yumɓu da hannunsa. Ya yi ta jido shi yana zubawa a lungun bayan ɗakina. Ya haƙa ɗan rami, ya kafa sabuwar zana mai tsawo ya kewaye wurin, ya toshe duk wata kafa da tsumma. Da ya gama ya zo ya tsuguna a gabana.

"Inna, na tambayi malamai. Rantsuwata a kan Gangare take, ba a kan yumɓu ba. Ga shi nan. In ya ƙare zan ƙaro, in kun gina ni zan nemi inda za a toya. Ki yafe min, zafin rai ne."

Na ɗebi yumɓun na murza na shinshina, mai kyau ne, ba kamar namu ba amma zai yi randa. Ranar ji na yi an cire min shekara goma daga gadon baya. Na jiƙa shi da kaina, na tankaɗe ƙaiƙayi, na fito da tsohuwar tukunyar da nake kifawa in ɗora gindin randa a kanta, na goge mata ƙura. Washegari da safe Nasiru ya kwashe yara gaba ɗaya ya kai su gidan yayansa, shi ma ya fice, ya ja ƙofar zaure ya rufe. Gidan ya rage daga ni sai ita. Na kira ta.

Ta zo ta tsaya a bakin ramin. Na ga yatsunta suna motsi su kaɗai, na san hannun yana nan bai mutu ba. Ta tattare zane a hankali, ta sa ƙafa ɗaya. Yumɓu ya kama ta iya idon sawu. Sai na ga ta ɗaga kai tana duban saman zana, ta dubi katangar maƙwabta, ta dubi bishiyar darbejiya, ta waiwaya baya. Numfashinta ya fara sama-sama. Ta fizge ƙafar da ƙarfi har ta kusa faɗuwa, ta saki zanen ya rufe ta har ƙasa, ta zauna daɓas ta haɗa kai da gwiwa.

"Sa'adatu, ba kowa. Ni kaɗai ce. Mijinki da kansa ya rufe ƙofa."

"Na sani, Inna."

"To tashi mana, 'yar albarka. Ko taku kaɗan ne, sauran ni zan ƙarasa."

"Inna, wallahi ina so. Har mafarkin randa nake yi. Amma da ya riƙe min ƙafa sai na ji tafin nan a kunnena, na ga wayoyin nan a kaina. Ba Nasiru ne ya hana ni ba, ko bai rantse ba da ban koma ba. Ki yafe min, ba zan iya ba. Ba yau ba, ba gobe ba."

Na daɗe a tsaye ina kallonta. Ina da maganganu cike da baki, na lallashi da na faɗa, irin waɗanda Iya ta gina ni da su, amma na duba na ga babu wadda za ta yi aiki. Yarinyar nan ni na kai ta Gangare, ni na ce mata nan ba mai ganinki, ta kuma yarda da ni. Na san a lokacin cewa abin da Iya ta karɓa daga uwar mijinta ta miƙo min, a hannuna zai tsaya. Baƙin cikin da na ji ranar ban ji irinsa ba ko a ranar da aka fita da mahaifinku.

Na je na ɗebo ruwa a buta, na durƙusa a gabanta da wannan gwiwar tawa. Ta janye ƙafar tana cewa haba Inna, haba Inna, na riƙe ta gam. Na wanke mata ita tas, har tsakanin yatsu. Wannan shi ne yumɓu na ƙarshe da hannuna ya taɓa.